Sharhi A Kan Abin Da Ya Kamata Bayan Fitowar Sakamakon Jarrabawa

Daga watan Agusta, lokacin da damina ta yi nisa kuma kogin Kaduna ya cika ya batse, har zuwa wajen watan Oktoba, da wuya a sami gida mai ɗa ko 'ya a ajin ƙarshe na sakandare, tun daga Kawo da Hayin Banki zuwa Unguwar Rimi da Malali, har Tudun Wada da Rigasa, wanda ba a kwana a tashi da zancen sakamako a cikinsa ba. Domin a wannan tsakani ne hukumar WAEC takan fitar da nata, NECO ta biyo bayanta, alhali makin JAMB ya riga ya fito tun kafin ruwa ya zauna, yana jiran abokan tafiyarsa. Wanda ya ci a yi masa barka, wanda ya faɗi a yi masa jaje ko faɗa gwargwadon halin maigida, sa'an nan kowa ya koma sha'aninsa kamar an gama magana. A ganina kuwa a nan ne maganar ta soma, saboda mafi yawan hasarar da yaranmu suke yi tana aukuwa ne a watannin da ke bin fitowar takarda, ta hanyar sakaci da wa'adi, da jahiltar ƙa'ida, da nacewa a ƙofa guda wadda kowa ya san ba za ta buɗe ba.

Wajibi na farko shi ne a karanta takardar karatu na tadabburi, domin da yawa daga iyaye, musamman waɗanda ba su yi nisa a boko ba, abin da sukan tambaya kawai shi ne, "Kiredit nawa ka samu?" Idan yaro ya ce bakwai, sai a yi hamdala a sallame shi. To, amma adadi kaɗai ba ya wadatarwa. Darajojin da ake lissafawa kiredit su ne daga A1 zuwa C6. D7 da E8 wucewa ce kawai wadda jami'a ba ta ƙirgawa, F9 kuwa faɗuwa ce. Abin da manyan makarantu suke nema shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace da fannin da yaro yake so, ciki har da Turanci, da kuma Lissafi a duk fannonin kimiyya da fasaha da kasuwanci. Saboda haka yaron da ya zo da bakwai, amma yana da D7 a darasin Kemistiri, kuma burinsa likitanci ko haɗa magunguna, hukuncinsa a wannan ƙofa ɗaya ne da na wanda bai sami kome ba, ko da kuwa bakwai ɗin duk A1 ne. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sassauci game da sharaɗin Lissafi ga masu neman fannonin adabi, amma mai hankali ba zai dogara da sanarwa ta gaba ɗaya ba sai ya duba abin da makarantar da yake nema ta rubuta da kanta. Akwai kuma rahama guda da mutane da yawa ba su amfana da ita: galibin makarantu suna karɓar sakamako biyu a haɗe, wato a ɗauki Turanci daga NECO a cike giɓin WAEC, sai dai wasu fannoni masu tsanani, irin su likitanci a jami'o'i da dama, waɗanda ke sharɗanta zama ɗaya.

Ina kuma yi wa iyaye nasiha da su jinkirta fushi a ranar farko, kuma hujjata ba daga nesa take ba. A watan Agusta na 2025 WAEC ta sanar cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne kaɗai suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki sai ta fito ta amsa cewa an yi kuskure wajen makin wasu takardu, ta gyara, adadin ya koma kashi 62.96. A wannan shekarar dai, a watan Mayu, shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya a gaban 'yan jarida yana hawaye, ya ɗauki alhakin tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Allah kaɗai ya san yara nawa aka zaga, aka gorata musu kuɗin makaranta, a cikin kwanakin da ke tsakanin sanarwa ta farko da ta biyu. Duk da haka kada wannan ya zama mafaka ga rago, ya zauna yana jiran hukuma ta sake tuba. Irin wannan gyara nadiri ne, kuma wanda ya san bai buɗe littafi ba ya san gaskiyar lamarinsa tun kafin a buga takarda. Wanda aka riƙe masa darasi kuwa, sai ya koma makarantarsa ta bi masa kadi ta hanyar da hukumar ta tanada, kuma ya yi rajistar wata jarrabawar kafin a rufe, domin bincike kan ɗauki watanni, wa'adi kuwa ba ya jiran kowa.

Sai batun makin JAMB, wanda a cikinsa ruɗani ya fi yawa. Jimillar makin 400 ne a darussa huɗu, kuma kowace shekara hukumar takan zauna da shugabannin makarantu su yanke mafi ƙarancin abin da za a karɓa. A 2025 sun tsayar da 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin koyon jinya, 100 ga kwalejojin fasaha da na horar da malamai. Sai yaro mai 165 ya ji wannan a rediyo ya ce ai ya haye, ya zauna yana jiran a kira shi karatun shari'a a Zariya. Alhali wannan adadi bakin ƙofa ne kawai. Kowace jami'a tana da nata, kowane sashe a cikinta yana da nasa, kuma inda masu nema suka yi dubbai a kan kujeru 'yan ɗaruruwa, daga sama ake tsinkowa har kujeru su ƙare. A jami'o'in Tarayya ƙa'idar rabo ita ce kashi 45 bisa cancanta tsantsa, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a baya wajen ilimin boko, kuma Kaduna tana cikinsu. Ma'anar wannan ga ɗan Kaduna ita ce rabonsa ya fi kusa a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna da ke nan kan titin Tafawa Balewa, fiye da wata jami'a mai nisa da ya zaɓa don abokinsa ya zaɓa. Wanda ya ga makinsa bai kai ba, hukumar ta ba shi damar canza fanni ko makaranta da kuɗi kaɗan a cibiyoyin da ta amince da su, kuma yin haka da wuri ya fi yinsa bayan jerin sunayen waɗanda aka ɗauka na farko da na biyu sun fita.

A nan zan ɗan tsaya a kan wasu ƙananan abubuwa waɗanda ake rainawa, alhali sun hana yara masu ƙoƙari shiga makaranta fiye da yadda ake zato. Tun daga 2017 duk wani gurbin karatu ta cikin tsarin CAPS na JAMB yake bi, kuma tsarin ba ya ganin ɗalibin da bai ɗora sakamakonsa na sakandare a kai ba. Yaron da ya yi rajista yana jiran sakamako, sa'an nan ya fito bai koma cibiya ya ɗora ba, ko da ya fi kowa maki, ba za a gabatar da sunansa ba. Idan kuma an ba shi gurbi, dole ne ya shiga da kansa ya danna karɓa cikin wa'adi, in ba haka ba a ba wani. Ga kuma fitinar sunaye, wadda ta fi cin mu Hausawa saboda yadda muke da rubutu uku ko huɗu ga suna ɗaya. Ka ga uba tsaye a bayan yaro a shagon kwamfuta a Kawo, mai shago yana juya allon yana nuna masa da ɗan yatsa: a katin ɗan ƙasa an rubuta Muhammad, a takardar WAEC Mohammed, a shaidar haihuwa Muhammadu, sa'an nan a wata an sa sunan kaka a matsayin sunan mahaifi, ranar haihuwa kuma ta bambanta da shekara guda, saboda wani malami ya cike fom da ka a aji uku. Uban yana cewa, "To ai duk shi ne," mai shago yana cewa, "Baba, na'ura ba ta san haka ba." Gyaran wannan yana cin makonni da rantsuwa a kotu da zirga-zirga, don haka a tattara takardun duka a shimfiɗa su a tabarma ɗaya a gwada harafi da harafi tun yau. Layin wayar da aka yi rajista da shi ma amana ne. Kada a bar shi ya mutu, kada a yi rajista da layin mai shago ko na wani maƙwabci.

Daga wannan ruɗani ne 'yan damfara suke ci. Ba a rasa wani a unguwa mai cewa yana da hanya, yana da mutum a ofishin rajista, a kawo kaza a ga suna a jeri na uku, ko a ƙara wa yaro maki a na'ura. Hukuncin wannan a shari'a sananne ne, rashawa ce, mai bayarwa da mai karɓa duk sun shiga. A aikace kuma, gurbin da bai bayyana a CAPS ba ba gurbi ba ne, kuma an sha ganin waɗanda suka yi shekara huɗu suna karatu, sai da aka zo tafiya bautar ƙasa aka tarar babu sunansu a kundin hukuma.

Amma babbar mas'alar, wadda sauran duk rassanta ne, ita ce ta buri. Iyayenmu da kakanninmu sun ga zamanin da makarantu suke 'yan kaɗan, zamanin da Kwalejin Katsina ta ƙaura zuwa Kaduna a 1938 kafin ta wuce Zariya a 1949, lokacin da duk wanda ya fito da shahada aiki yake tarar yana jiransa a En'e ko a ofisoshin gwamnatin Jihar Arewa; wannan tunani ya gadar mana da ɗaukar digiri a matsayin mabuɗin arziki, da ɗaukar likita da lauya da injiniya a matsayin su kaɗai ne 'ya'yan da suka yi albarka. Sai ka ga yaro ya rubuta JAMB sau uku yana neman likitanci da maki 190, sa'o'insa da suka shiga kwalejin fasaha a shekarar farko sun gama difloma suna aikin gwaji, shi kuwa yana zaune a dakalin ƙofar gida yana amsa wa kowa da "ina jiran admishan". Malamanmu na da ba su san wannan fifiko ba. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, ya kuma haɗa su a babi ɗaya da noma da saƙa da ɗinki, bisa hujjar cewa duk sana'ar da al'umma ba ta tsayuwa sai da ita, idan aka rasa mai yinta kowa ya yi laifi. Garin da yake da lauyoyi ɗari ba shi da mai gyaran injin asibiti guda bai sauke wannan farali ba.

Abin mamaki kuma shi ne, a duk Arewa babu garin da ƙofofi suka taru kusa da juna kamar Kaduna. Kwalejin Fasaha ta Kaduna, wadda ta soma a 1956 a matsayin makarantar koyon sana'a kafin ta zama cikakkiyar kwaleji a 1968, tana nan a Tudun Wada da reshenta a Unguwar Rimi. Difloma ta ƙasa shekara biyu ce, bayanta ɗalibi ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki ya dawo babbar difloma, ko kuwa, idan sakamakonsa ya yi kyau, ya nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Kukan da masu babbar difloma suke yi na cewa ana fifita mai digiri a kansu a aikin gwamnati kuka ne na gaskiya, kuma ban ga dalilin ɓoye shi ga yaro ba. Amma wanda zai yi safiyo ko zanen gini ko wutar lantarki, hannunsa ne zai ciyar da shi kafin matakin albashi. A Mando akwai Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama, wadda take karɓar farar hula, da Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa. A Afaka akwai Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, NDA, wadda aka kafa a 1964, mai nata fom da nata gwaji da iyakar shekaru ƙari a kan JAMB. Ga kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris a Makarfi, ga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli a Zariya. Wanda kiredit ɗinsa suka cika amma makin JAMB ya gaza yana da hanyar IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello take kula da ita, karatun kusan shekara guda da ke kai mutum aji biyu, ko makarantar share fage ta Funtuwa. Sai dai a tabbatar cibiyar da za a kai yaro tana cikin waɗanda aka amince da su, domin na bogi sun yi yawa kuma yanzu ana tantance shahadar kafin a karɓa.

Game da karantarwa ina da magana mai ɗaci. Mun mai da kwalejin horar da malamai juji, inda ake tura wanda ko'ina aka ƙi shi, sa'an nan mu dawo muna kuka da lalacewar firamare. Mutanen jihar nan ba su manta da 2017 ba, lokacin da gwamnati ta ce malamai 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun kasa cin gwajin da aka yi musu. Ko mutum ya yarda da yadda aka gudanar da gwajin ko bai yarda ba, abin da ya fallasa sakamakon wannan ɗabi'a tamu ne. Yaro mai haƙuri da fasahar bayani, wanda ƙannensa suke taruwa a wurinsa da daddare ya koya musu, idan aka kai shi NCE da niyya ba don rashin madafa ba, an yi wa al'umma hidima, kuma hanyar digiri ba ta toshe masa ba.

Wanda ya faɗi faɗuwa ta hakika fa? Shi ma lamarinsa bai kai yadda ake kururutawa ba, muddin an gano sababin. WAEC tana da jarrabawar masu zaman kansu sau biyu, ɗaya a ƙarshen shekara ɗaya a farkonta, NECO tana da tata a wajen Nuwamba da Disamba, NABTEB ma haka ga masu darussan sana'a, waɗanda suka fito makarantun Arabiyya kuma suna da hukumar NBAIS. Amma sake zama ba tare da sake shiri ba ɓarnar kuɗi ce. A zauna da yaron, ba a gaban ƙannensa ba, a tambaye shi a hankali: darasin ne bai fahimta ba, ko malami ne babu a makarantar, ko Turancin tambayar ne yake kayar da shi ko da ya san amsar, ko kuwa tun asali an tura shi ajin kimiyya ne alhali zuciyarsa tana wajen tarihi da adabi? Kowane ɗaya da maganinsa. Abin da ba magani ba ne shi ne kai shi makarantun nan na bayan gari da ake biya a rubuta wa yara amsa a allo. Algus ne, kuma uban da ya biya ya koya wa ɗansa darasin da ba zai manta ba, sa'an nan yaron ya je ya zauna gaban kwamfutar JAMB shi kaɗai da A1 ɗinsa na aro, asiri ya tonu.

Shekarar jira kuwa, ko ga wanda ya faɗi ko ga wanda bai sami gurbi ba, kada a bar ta fanko, domin zaman banza a wannan shekaru shi ne ƙofar majalisar banza da kayan maye, kuma iyayen Kaduna ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan. Duk wanda ya shiga tsohuwar kasuwar Panteka da hantsi, ya ji ƙarar guduma a kan ƙarfe da tartsatsin walda, ya ga yara 'yan shekara goma sha bakwai suna zuba narkakken alminiyam a cikin ƙasa suna fitar da tukwane, wasu suna haɗa injin niƙa da na ɓarar gyaɗa daga ƙarfen da aka zubar, ya san akwai ilimi a can wanda ɗaliban injiniya da kansu suke zuwa nema idan aikin kammala karatu ya taso. Farfesa Idris Bugaje, tun yana shugaban Kwalejin Fasaha ta Kaduna har ya koma shugabancin hukumar NBTE, ya yi ta ƙoƙarin a ba masu sana'ar Panteka shahadar ƙwarewa da hukuma ta sani, kuma a 2025 gwamnatin jiha ta buɗe cibiyar koyon sana'o'i a Rigachikun. Yaron da ya yi wata tara a wurin tela a Kasuwar Barci, ko mai gyaran waya, ko mai haɗa wutar sola, da safe yana shago da yamma yana bitar darussansa, da asuba kuma yana ƙarasa haddarsa, zai shiga jami'a, in Allah ya nufa, da abin sayen takardu a aljihunsa ba sai ya aiko gida ba.

'Ya'ya mata suna da nasu hukunci, domin a gidaje da yawa fitowar sakamako takan zo daidai da zuwan masu neman aure. Ba na cikin masu ganin aure da karatu abokan gaba ne, amma na ga alkawarin baki na "za ta ci gaba a ɗakinta" yana narkewa bayan haihuwar fari. Idan waliyyi yana nufin 'yarsa ta yi karatu, to ya faɗa a fili a gaban wakilan ango tun kafin a sa rana, a ambaci makarantar da wanda zai biya. Mu ne muke ƙorafi idan matanmu suka je asibitin Barau Dikko ba su tarar da mace a ɗakin awo ba, kuma ungozoma da likita mace ba daga sama suke faɗowa ba. Wadda zirga-zirgar kullum ta yi mata wuya tana da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Rigachikun, waɗanda aka gina tsarinsu domin mai karatu daga gida.

Saura kuɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne lissafin shekarar farko kaɗai, a sayar da fili ko a ci bashi a biya rajista, a manta da cewa akwai shekara uku ko huɗu a gaba, da kuɗin ɗaki da abinci da mota, waɗanda sau da yawa sukan fi kuɗin makarantar kansa. A nan ma yaron da yake kwana a gidan ubansa a Badarawa ya hau Keke Napep zuwa aji ya fi wanda aka kai wata jiha sauƙin ɗawainiya nesa ba kusa ba. Tun daga 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai na Tarayya, NELFUND, ga waɗanda suka sami gurbi a makarantun gwamnati: yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana ba ɗalibi Naira 20,000 a wata, babu ruwa a kansa, wanda shi ne abin da ya fi damun iyaye Musulmi, kuma biya yana somawa ne shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum yake samu. Bashi ne dai, kuma ya kamata yaro ya san da wuyansa zai rataya kafin ya cike fom. Hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ita ma takan buɗe nata lokaci lokaci, kuma tana neman takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda gara a karɓo ta a ajiye tun kafin a ji sanarwa.